Abin Da Na Gani A Sansanin 'Yan Ƙwallo A Amurka

Tun da na komo daga Amurka mutane suke ta tambayata labarin ƙasar. Wasu su tambayi tsawon benaye, wasu su tambayi sanyi, wasu kuwa irin abincin da na ci. To, yau ina so in ba ku labarin wata uwa da ɗanta da wata takardar gayyata, domin shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ina tsammani kowace uwa za ta sami abin ɗauka a cikinsa.

Bayan na gama kwalejin horon malamai, na yi shekara biyu ina koyarwa, sai aka zaɓe ni in tafi wata jami'a a tsakiyar Amurka in taimaka wajen koya wa ɗalibai Hausa har shekara guda. Na sauka can cikin watan Agusta 2023. Aka sama mini ɗaki a gidan wata mata mai aikin jinya, a wani ɗan ƙaramin gari wanda gonakin masara suka kewaye. Mijinta ya rasu shekara uku kafin zuwana, ya bar ta da 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara 16 da mace 'yar shekara 14. A ƙasarsu yaro yakan kira babba da sunansa kai tsaye, ni kuwa bakina ya kasa, sai na riƙa ce mata Mama. Da fari ta yi dariya, daga baya ta saba. Yaran kuma na koya musu su ce mini Yaya.

Yaron nan ba shi da zance sai na wasan da suke kira besbol. Da yake ba a san shi sosai a wajenmu ba, bari in ɗan kwatanta muku. Mutum 9 ne a kowane ɓangare. Ƙwallon bai fi girman lemo ba, an ɗinke shi da fata, ga tauri kamar dutse. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurgo ƙwallon da iyakar ƙarfinsa zuwa wajen mai bugu, wanda ke tsaye da kulki a nisan ƙafa 60 da inci 6. Bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugune. In mai bugu ya sami ƙwallon ya maka shi, sai ya yar da kulki ya sheƙa da gudu, ya bi ta tashoshi uku ya komo inda ya tashi, tsakanin kowace tasha da 'yar'uwarta ƙafa 90. In ya komo ba a fitar da shi ba, ɓangarensa ya ci ɗaya ke nan. Yaron gidanmu mai jifa ne, marigayi ubansa ne kuma ya koya masa a bayan gida tun yana ɗan shekara biyar.

Wataƙila wata ta ce, to, me ya haɗa wasa da karatu? A Amurka a haɗe suke. Karatun jami'a a can yana da tsada ƙwarai, har ɗalibai da yawa sukan gama da bashi a wuyansu, su yi shekaru suna biya. Jami'o'in kuwa galibi suna da ƙungiyoyin wasanni nasu, akwai kuma wata babbar hukuma mai suna NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ce ke tsara dokokin wasannin yawancinsu. Ta kasa jami'o'i rukuni uku. Rukuni na ɗaya su ne manya, masu ƙungiyar besbol a cikinsu sun kai wajen 300, kuma tun 1950 a birnin Omaha na jihar Nebraska ake yin gasarsu ta ƙarshe kowace shekara. Rukuni na ɗaya da na biyu suna iya ba ɗan wasa sukolashif saboda wasansa. Rukuni na uku ba su ba da ko kwabo don wasa, sai dai don ƙoƙarin karatu ko don rashin hali. Saboda haka iyaye da yawa suna kallon hannun ɗansu kamar wani asusu ne wanda zai biya kuɗin makaranta. Ban ga laifinsu ba, domin Mama da albashinta kaɗai take riƙe da gida.

Ashe kafin in iso wani abu ya riga ya faru. A da, masu horar da 'yan wasa na manyan jami'o'i, waɗanda ake kira koci, sukan karɓi alkawarin yaro tun yana ɗan shekara 14 ko 15. A 2023 aka yi doka cewa ba su da izinin tuntuɓar yaro sai ranar 1 ga Agusta, in zai shiga aji na biyun ƙarshe a sakandare. Yaron gidanmu yana cikin waɗanda ranar ta faɗo a kansu. Ƙanwarsa ta gaya mini wai ran nan wuni ya yi da waya a hannu, ko wanka bai yarda ya shiga ba, har dare ya yi ba wanda ya kira. Wani abokin wasansa kuwa an kira shi sau uku kafin azahar.

Muna nan, cikin watan Satumba, ran nan da magariba sai muka ji ihu daga ɗakinsa. Ya fito a guje yana nuna mana waya. Wata babbar jami'a ta rukuni na ɗaya ta aiko masa da saƙo, da sunansa a sama, wai sun sami labarinsa, suna gayyatarsa zuwa sansanin gwaji na kwana ɗaya domin masu horarwa su gan shi da idonsu. Mama ta karanta, ta sake karantawa, hawaye suka zubo mata. Ni kuwa saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Ƙanwar ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Da ta karɓi wayar, sai ta gangara can ƙasa ta ce, "Ga wurin biyan kuɗi nan, dala 200." Kashegari ta komo daga makaranta da labarin cewa yara biyar na ƙungiyarsu sun sami irin wannan saƙo, kalma da kalma, suna kaɗai aka sauya.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Dokar NCAA ta ce duk sansanin da jami'a za ta yi, dole a buɗe shi ga kowa, sai dai a iyakance shi da shekaru ko aji ko yawan mutane, kuma ba a yafe wa yaro kuɗin shiga don gwanintarsa. Wato duk wanda ya biya ya shiga. Kuɗin kuma yana taimakon ƙananan masu horarwa. Har zuwa 2023 akwai wani mataimakin koci wanda doka ta hana jami'a ta ba shi albashi, yawanci da kuɗin sansani yake ci. Kun ga kuwa dole a aika da takardun gayyata da yawa. Ba zamba ba ce, gama akan ɗauki wasu yara ta wannan hanya, amma dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A lokacin ba wanda ya saurari yarinyar. Mama ta biya, ta kuma karɓi aikin dare na ƙari har sau biyu don kuɗin mai da otal.

Ranar wata Jumma'a cikin Oktoba muka shiga mota mu huɗu, muka yi tafiyar awa biyar, muka kwana a otal. Tun da sassafe muka isa filin jami'ar, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu. Na tarar da yara sun fi ɗari, kowa da jakarsa, iyaye kuma sun cika benci, wasu da barguna, wasu da kujerun naɗewa. Aka rubuta sunan kowane yaro, aka ba shi riga mai lamba a baya. Daga nan ba a ƙara kiran kowa da suna ba, sai da lamba.

Aka fara da gudu. Yara bibbiyu suke tashi, su yi gudun yadi 60, ana auna su da agogo. Wanda ya gama a ƙasa da daƙiƙa 7 shi ake ɗaga kai a duba. Sai aka koma jifa daga wurare dabam dabam na fili, wani mutum yana tsaye da wata na'ura mai kama da 'yar bindiga, wadda ke auna saurin ƙwallo. Masu cafewa ana ƙidaya musu lokacin da suke ɗauka daga cafe ƙwallo zuwa isar da shi tasha ta biyu, abin da ake nema kuwa wajen daƙiƙa 2 ne. Masu bugu kowa ya yi 'yan bugunsa, ana auna saurin da ƙwallo ke barin kulki. Masu horarwa suna tsaye da allon rubutu, fuska ba yabo ba fallasa. Gaskiya abin ya tuna mini ranar jarrabawar shiga kwaleji, sai dai mu a ɗaki muka yi tamu, su kuwa a gaban iyayensu.

Sai bayan azahar aka zo kan masu jifa. Yaron da ke gaban namu ya hau tudu ya yi jifa, allo ya nuna mil 90 a awa, wato kusan kilomita 145. Nan take masu horarwa uku suka matso. Da aka kira lambar namu, Mama ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Ya yi jifa 12, duka kuwa sun tafi inda ya nufa, ko ɗaya bai kauce ba. Amma allo bai wuce 82 ba. Mutum ɗaya ya rubuta wani abu, ya ce, "Na gaba." Na duba agogona, minti huɗu ke nan. Tafiyar awa goma zuwa da komowa, da kwanan otal, da aikin daren Mama, duk don minti huɗu.

Kafin a tashi, babban koci ya tara iyaye ya yi musu jawabi, kuma na yaba masa, domin bai ɓoye kome ba. Ya ce doka ta yarda masa da kuɗin karatun ɗalibai 11.7 ne kawai, wato goma sha ɗaya da ɗan ɗori, shi zai raba wa 'yan wasa sama da 30. Saboda haka yawancinsu rubu'i ko rabi suke samu, wasu kuwa ba su samun kome. Ya kuma ce alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a takarda. Na waiga na ga ƙanwar yaron tana rubutawa a bayan takardar otal. Ita ce ta nemo mana sauran lissafin a hanya. Yara masu wasan besbol a makarantun sakandare na Amurka sun haura 450,000. Cikin kowane 100, waɗanda ke samun wasa a jami'o'in NCAA ba su kai 10 ba, masu shiga rukuni na ɗaya kuwa wajen 2 ne. Manyan ƙungiyoyin da ke biyan albashi guda 30 ne, kuma tun 2021 zagaye 20 kawai suke yi wajen zaɓen sababbin 'yan wasa, wato mutum 600 da 'yan kai a shekara.

Akwai wani dattijo da ya zauna kusa da mu a benci, ya kawo ƙaramin ɗansa. Da ya ga fuskar Mama, sai ya ce mata kada ta matsa wa yaro ya nemi sauri da ƙarfin tsiya. Ya ce babban ɗansa ya bi sansani bayan sansani, rani da damina ba hutu, yana neman allo ya nuna 90, har jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke yana ɗan shekara 17. Sai da aka yi masa aikin da suke kira da sunan Tommy John, wani mai jifa wanda aka fara yi wa irinsa a 1974, inda likita ke ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki ya dasa a gwiwar hannu. Jinyar takan ci shekara guda ko fiye. Mama da yake ma'aikaciyar jinya ce ta san zancen sarai, ta kuma san saboda irin wannan ne tun 2017 aka wajabta ƙidaya jifan yara a wasannin sakandare, a kuma ba su kwanakin hutu. Ta yi masa godiya, amma na lura zuciyarta tana wajen allon nan.

Muka komo gida ba mai magana. Bayan mako biyu aka aiko da takardar sakamako mai 'yan lambobi da godiya. Ba a kira ba. Maimakon haka sai sababbin takardun gayyata suka yi ta zuwa, wasu daga jami'o'i, wasu daga kamfanoni masu shirya taron nuna gwaninta, inda masu horarwa daga wurare da yawa ke zuwa kallo. Yaro ya ce wancan karon sanyi ne ya hana shi. Mama ta sake biya a Nuwamba, ta kuma biya a Janairu, ta ɗauki wani mai koyar da jifa da ake biya da awa. Allo ya tashi daga 82 zuwa 83. Na fara jin yaron yana buɗe firji da tsakar dare yana ɗibar ƙanƙara don ya ɗora a gwiwar hannu.

Ran nan da dare cikin Fabrairu 2024, na fito shan ruwa na tarar da Mama da 'yarta a teburin kicin. Yarinyar ta buɗe wani littafin rubutu irin na makaranta. Ashe tun daga Satumba take rubuta kowace dala da aka kashe, kuɗin shiga, da mai, da otal, da abinci, da mai koyarwa. Jimla ta kusa dala 3,000. A ƙasan shafin ta rubuta kuɗin wani ajin kimiyya na hutun bazara wanda ta roƙa aka ce mata babu hali, bai kai sulusin wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba, tura littafin kawai ta yi gaban uwarta. Na juya zan koma ɗaki, sai Mama ta ce, "Zauna, 'yata. Ke malama ce. Gaya mini gaskiya, me kika gani?"

Na yi shiru tukuna, gama ni baƙuwa ce, ina cin abincinta, ban kuma san wasan nan ba sai a bakinsu. Amma ta tambaye ni, in na yi mata ƙarya na ci amanarta. Na ce, "Mama, ki gafarce ni. Ni dai ban san ƙwallo ba, amma na san jarrabawa. A makarantarmu in yaro ya faɗi sau uku, ba ma sake biya masa ta huɗu sai mun je mun tambayi malamin ajinsa inda matsalar take. Duk waɗanda muke zuwa wurinsu kuɗi suke karɓa. Wa ya san yaron nan, wanda kuma ba ya neman kome a hannunki?" Ta ce kocin makarantarsu, wanda ya shekara uku yana horar da shi. Na ce, "Kin taɓa tambayarsa?" Ta ce a'a. Da na tambayi dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Tsoron amsar nake yi."

Matambayi ba ya ɓata. Ta je ta same shi cikin makon nan, ta komo ta ba mu labari. Ya ce mata yaro yana da saiti da natsuwa, kuma akwai makarantun da za su yi murna da shi, amma manyan jami'o'in nan masu sauri suke nema, shi kuwa jikinsa bai kai can ba tukuna, watakila ma ba zai kai ba. Ya ce ta dubi rukuni na uku, da kwalejojin shekara biyu, inda kuɗi ke da sauƙi, yaro kuma ya sami damar wasa. Sa'an nan ya buɗe mata abin da ba ta zata ba. Ya ce ko da rukuni na ɗaya sun so shi, sai ya ci darussa 16 da hukuma ta ƙayyade, da maki aƙalla 2.3 bisa ma'aunin da ƙarshensa 4, shi kuwa makinsa na lissafi yana ta zamewa tun da aka fara yawon sansani. A rukuni na uku kuwa, inda ba a biyan wasa, makin karatu shi ne ke jawo ragin kuɗi. Wato asusun da ake ta nema a hannunsa, ashe rabinsa yana cikin jakar littattafansa.

Kada ku yi tsammani yaro ya karɓi zancen da daɗin rai. Ya tashi daga tebur, ya buga ƙofa, ya yi kwana huɗu ba ya yi wa kowa magana, ni ma har da ni, domin ya ji da bakina a ciki. Na shiga damuwa, na ce ko na raba uwa da ɗanta. A rana ta biyar na same shi a bayan gida yana jifan wata tsohuwar taya da ubansa ya rataye a jikin itace. Na tsaya ina tsinto masa ƙwallo, ban ce kome ba. Can sai ya ce, "Yaya, na yi wa babana alkawari zan yi wasa a jami'a." Na ce, "Ya ce maka wace jami'a?" Ya yi shiru, ya ce bai faɗa ba. Na ce, "To, alkawarinka yana nan, ba wanda ya karya shi." Bai amsa ba, amma da dare ya fito da littafin lissafinsa ya ajiye a teburin kicin.

Daga ran nan har na bar ƙasar, kowane dare bayan cin abinci mukan zauna mu uku awa guda. Ni ba gwanar lissafi ba ce, ƙanwarsa ta fi ni nesa ba kusa ba, amma an koya mini yadda ake zaunar da yaro a kan aiki har ya gama. Mama ta sa ya huta da jifa mako shida, ciwon hannun ya lafa. Ya daina jiran takardun gayyata. Shi da kansa ya zaɓi ƙananan makarantu takwas masu darasin da yake so, ya rubuta wa kocin kowace wasiƙa, ya haɗa da makinsa da ɗan gajeren bidiyon jifansa. Uku suka amsa, kuma amsar mutum ce, ba irin wadda ake aika wa kowa ba. Ɗaya ma tambayarsa ta farko ita ce, yaya lissafi?

Na komo gida a watan Mayu 2024. Mama ta rubuto mini cewa a bazarar nan sansani ɗaya tak suka je, a wata ƙaramar kwaleji ta rukuni na uku, tafiyar awa biyu, inda koci ya tarye shi da sunansa tun daga bakin ƙofa. Yarinyar kuwa ta tafi ajinta na kimiyya. A watan Agusta 2025 yaron ya shiga wannan kwalejin, an rage masa kuɗi mai yawa saboda makinsa, yana koyon aikin malanta, yana kuma cikin masu jifa na ƙungiyarsu. Har yanzu akwai sauran kuɗi da Mama ke biya, akwai kuma ɗan bashi, ban ce muku kome ya warware ba. Dokokin ma sun sake. A watan Yuni 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhu tsakanin NCAA da tsofaffin 'yan wasa, aka cire iyakar 11.7 ga manyan jami'o'in da suka shiga sabon tsari, amma aka ƙayyade musu 'yan wasa 34 kacal. Kuɗi na iya ƙaruwa ga wanda ya shiga, ƙofar kuwa ta ƙara ƙunci.

To, 'yan'uwa, me ya kawo wannan labari cikin filinmu, alhali 'ya'yanmu ba su wasan besbol? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A unguwanninmu akwai yara masu baiwar ƙwallon ƙafa, akwai kuma masu zuwa su ce za su kai yaro gwaji Turai in an ba da kaza. Na san uwar da ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya saboda irin wannan. A Amurka ma, inda abin ke da doka da tsari, kun ga yadda uwa mai ilimi ta kusa zurmawa, balle inda ba takarda ba shaida. Ban ce a hana yaro wasa ba. Baiwa ce, raina ta kuwa kuskure ne, gama wasan nan ne ya riƙe yaron Mama bayan rasuwar ubansa. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ki kwance bakin zanenki, ki yi tambaya. Wa ya gayyaci ɗana, shi kaɗai aka kira ko kowa da kowa? Cikin waɗanda suka je bara, nawa aka ɗauka? In ba a ɗauke shi ba, me ya rage masa a hannu? Sa'an nan ki nemi wanda ya san yaron, wanda ba ya cin riba da ke, ki saurari amsarsa ko da ba ta yi miki daɗi ba. Ki kuma duba sauran 'ya'yanki, kada rabon mai shiru ya tafi wajen mai ƙara.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku dubi yarinyar nan 'yar shekara 14. Ba ta yi wa uwarta rashin kunya ba, ba ta yi gaba da wanta ba. Littafi ta samu da fensir, ta rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ta jira lokacin da ya dace. Lissafin da ake koya muku a aji, wanda wasunku ke gudu, shi ne ya ceci gidan nan. Ku riƙe shi da kyau, ku fara da kuɗin cefanen gidanku in iyayenku sun yarda.

Wadda ke da irin wannan labari a gidanta ko a unguwarsu, ta rubuto mana ta hannun Edita, domin mu ƙaru da juna.